Yadda ake shirya daren kallon wata da taurari a ƙauye

Na'urar hangen nesa ido ɗaya take karɓa a lokaci guda. Ƙauye kuwa, in aka yi shela cewa za a nuna ramukan da ke jikin wata, kafin a shafa addu'ar magariba mutum ɗari biyu sun taru, rabinsu yara. Duk shirin da ƙungiyar masu sha'awar ilimin falaki za ta yi kafin ta kwashi kayanta zuwa karkarar Kano ko Jigawa, a kan wannan lissafi yake tsayawa. Mutum ɗaya yana cin kusan minti guda a bakin na'ura, in an haɗa da sunkuyawa da daidaita gani da salatin mamaki. Wato mutum 50 zuwa 60 a awa. Na'ura biyu cikin awa biyu, leƙe 200 ke nan ko ɗan sama da haka, kuma kowa abu ɗaya ya gani. In kun riƙe wannan a rai, za ku gane dalilin da ya sa igiya da benci da amincewar dagaci suka fi girman madubi muhimmanci.

Da watan Musulunci ake sa rana

Kuskuren da sababbin ƙungiyoyi suka fi yi shi ne sa taro daren sha huɗu, wai lokacin wata ya cika. Farin wata na wasan dandali ne. A cikin na'ura kuwa daren nan wata yakan fito fes kamar faranti, ba inuwa, ba tudu ba kwari, ga haske mai kashe ido, sannan ya shafe ƙananan taurarin da ke sama. Dalili shi ne hasken rana yana dukansa gaba da gaba. Ramuka da duwatsu suna fitowa ne a iyakar da ke tsakanin ɓangaren haske da na duhu, inda rana take haskawa a karkace, inuwa ta yi tsawo kamar ta bishiya da hantsi.

Ku zaɓi tsakanin 5 da 9 ga wata. A waɗannan kwanaki rana tana faɗuwa wata yana can sama, ba sai an jira fitowarsa ba, kuma na 7 ko 8 ga wata ba ya faɗuwa sai wajen tsakar dare. In burinku taurari marasa ƙarfin haske ne, sai ku koma 20 ga wata zuwa ƙarshensa, lokacin da farkon dare yake da duhu. Amma fita ta farko a kowane ƙauye ta wata ce, domin shi ne abin da tsoho da yaro za su gani ba tare da an yi ta lallaɓa su ba.

Daren 29 ku bar shi. Ganin jinjirin wata da sanar da tsayuwarsa aikin fadar Sarkin Musulmi ne da kwamitinta, kuma ranar da aka ji cewa wasu samari masu na'ura sun ce sun ga wata ko ba su gani ba, ƙungiya ta shiga rigimar da ba tata ba.

Ta fuskar yanayi, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Damina ta wanke sama, hazon hunturu bai yi kauri ba, hatsi ya shigo gida, mutane suna da sukuni. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan rufe sama kwana da kwanaki. Gwajinsa mai sauƙi ne: in da la'asar sakaliya rana ta koma fara fat tun ba ta kai ƙasa ba, ko ƙarfen sabis da ke ƙauyen maƙwabta ya ɓace a hazo, to ƙananan taurari sun tafi, amma wata da duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) za su ganu. Da damina kuwa kullum ku faɗi rana biyu tun a shelar farko, in hadari ya hana yau, sai gobe.

Sallama kafin na'ura

Mako biyu kafin ranar, mutum biyu ko uku su je ƙauyen da rana, har da wanda yake ɗan garin ko malamin makarantar firamarensu. A fara da mai unguwa, shi zai kai ku wurin dagaci. In taron zai jawo ƙauyuka da yawa, dagaci zai ce a sanar da hakimi, kada ku tsallake shi ku je da kanku. Daga nan sai liman, sai hedimasta in filin makaranta za ku ara, sai shugaban 'yan sintiri. A rubuta takarda guda mai ɗauke da rana da lokaci da sunayen masu zuwa, a kai kwafi ofishin 'yan sanda na yankin, ɗaya kuma ya zauna a cikin motar kaya. Farin bututu mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya a bayan mota da daddare, a shingen bincike ba kowa zai yarda madubi ne ba.

Wurin liman ne maganar take da nauyi. A kunnen mutane da yawa, “masu taurari” na nufin masu duba da bugun ƙasa. Kada ku jira a tambaya. Ku faɗa tun a zaure: “Allah gafarta Malam, mu ba ma duba, ba ma faɗin sa'a ko rashin sa'a. Halittar Allah muke nuna wa mutane da madubi, kamar yadda likita yake duba jini da nasa madubin.” Ku kira abin da sunansa, ilimin falaki, wanda malaman zaure suka sani a littattafansu wajen lissafin lokutan salla da alƙibla. Sannan ku roƙe shi alfarma biyu: ya sanar a masallaci, kuma shi da dagaci su fara leƙawa. Liman ya sunkuya ya ɗago yana tasbihi, kun gama da rabin zargin da ke garin.

A zaman nan ne kuma ake yanke maganar mata. A garuruwa da yawa matan aure ba za su fito fili cikin maza da daddare ba, kuma ba hurumin baƙi ba ne su ja wannan. Abin da yake aiki shi ne a ware na'ura guda a shigar da ita tsakar gidan dagaci ko wani babban gida, mata biyu na ƙungiya su riƙe ta. Ƙungiyar da ba ta da mace ko ɗaya da ta iya saita na'ura, ta koya wa malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibitin garin tun kafin ranar. In ba haka ba, rabin garin labari kawai za su ji.

Shela kuwa bakin mai shela da lasifikar masallaci sun wadatar. A faɗi abu uku: kyauta ne, bayan magariba ne, kowa ya zo da takalmi. Kada a yi shelar a babbar kasuwa irin ta Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, sai in kuna da na'ura biyar.

Fili

Filin ƙwallon makarantar firamare ya fi ko'ina, saboda akwai benci, akwai aji da za a ajiye kaya, kuma kowa ya san wurin. Sai dai ku je ku gan shi da daddare kafin ku amince. Fitilun sola na kan titi sun shiga ƙauyuka da yawa, suna kunna kansu da duhu ya yi, kuma ba su da makunnin da za a kashe. Ku nemi inda ginin aji zai tare muku haskensu. Ku nisanci teburin mai shayi, da wutar makarantar allo, da inda ake ƙona kara, saboda hayaƙi. Kada na'ura ta leƙa sama ta kan rufin kwano da ke kusa: kwano yana sakin zafin da ya sha da rana, iskar da ke kansa tana rawa, sai hoton ya yi ta kaɗawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. A kusa da fadama, irin yankin Hadejia, raɓa takan sauka a kan gilashi da kaka. Kwali da aka naɗe ya zarce bakin na'ura da kamu ɗaya yana rage ta.

Da la'asar a share wurin, a kwashe duwatsu da tarin kara, don kunama da maciji. A yayyafa ruwa garwa uku ko huɗu inda na'urori za su tsaya da inda layi zai bi. Ƙafar yara ɗari a busasshen fili tana tayar da ƙurar da za ta sauka a kan madubi cikin rabin awa. Babura su tsaya aƙalla taku 60 daga wurin, fuskarsu na kallon waje, a sa ɗan sintiri guda a kan wannan kaɗai. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, fitilar babur ɗaya kuma tana rushe wannan cikin daƙiƙa.

Kowace na'ura a kafa mata turaku huɗu, a zagaye da igiya taku uku daga jikinta ta kowane gefe, a bar ƙofar shiga da ta fita daban. Tsakanin na'ura da na'ura a bar taku goma sha biyar, don layuka kada su cakuɗe.

Kaya

Na'urar da ta fi jure wannan aiki ita ce samfurin Dobson mai madubi milimita 150 ko 200, wadda take zaune a kan akwatin katako, ana tura ta da hannu. Ba ta son batir, ba ta da ƙafafun da yaro zai yi tuntuɓe da su. Yawancinsu tsawon haskensu, wato tazarar da ke tsakanin madubi da inda hoto yake haɗuwa, milimita 1200 ne. Ƙarfin kusantowa ana samunsa ne in an raba wannan adadi da lambar da ke jikin gilashin leƙe: mai lamba 25 yana ba da ninki 48, mai lamba 10 yana ba da ninki 120. Ƙananan na'urorin da ake rubuta wa ninki 500 ko 600 a kwali, masu siririyar ƙafa, ku bar su a gida. Iyakar abin da madubi zai iya bayarwa da kyau bai wuce ninki biyu na faɗinsa a milimita ba, sama da haka hoto ne mai girma marar fasali.

Ga taron jama'a ninki 48 ne abokin aiki, kuma dalilin juyawar ƙasa ne. Sama tana gusawa digiri ɗaya duk minti huɗu. A ninki 48 abin da ido yake gani kusan digiri ɗaya ne, don haka wata da aka sa a tsakiya zai kai gefe cikin minti biyu, sai a gyara bayan kowane mutum biyu. A ninki 120 bai kai minti guda ba ya gudu, kowane mai leƙe sai an gyara masa. Ku ajiye babban ninkin don zoben Zuhal, in layi ya ragu.

Sauran kayan ba su da tsada: tabaron hangen nesa mai ido biyu, 7x50 ko 10x50, guda biyu ko uku, kowanne da igiyar rataya, tocila huɗu da aka rufe bakinsu da jar leda ninki biyu aka ɗaure da roba, domin jan haske ba ya ɓata sabawar da ido ya yi da duhu, turmi a kife ko ƙaramar kujera don yara su taka, kujera mai jingina a gaban kowace na'ura, auduga da sifirit, famfon roba na hura ƙura, ruwan leda, lemo biyu da ƙwallon ƙafa. A waya a sauke manhajar Stellarium, kyauta ce kuma tana aiki ba intanet. A duba ta kwana uku kafin taron a ga waɗanne duniyoyi ne za su kasance sama, domin su ba sa zama wuri ɗaya kamar taurari, sannan a mai da fuskarta ja. Fitilar leza koriya, wadda ba ta wuce miliwat 5 ba, tana saukaƙa nuni, amma a aljihun mutum ɗaya za ta kwana. Ba a ba yaro, ba a haska fuska, ba a nuna jirgi da ita, ga jiragen Kano da na Dutse suna ratsa sararin yankin.

Daga la'asar zuwa isha'i

Ku isa da la'asar. Hanyar burji tana girgiza madubi ya kauce daga saitinsa, alamarsa kuma tauraro ya fito da wutsiya gefe guda duk yadda aka murɗa. A duba saitin madubai biyun da ke cikin bututun, babba da ƙarami, tun da sauran haske. Sannan a daidaita ɗan ƙaramin maleƙin da ke kan bututu: a nufi kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisan rabin kilomita ko fiye, a sa shi tsakiyar babban gilashi, a murɗa sukurorin ƙaramin har shi ma ya nuna wuri ɗaya. Wanda ya tsallake wannan zai yi minti goma yana laluben wata a gaban dagaci. Duk wannan a yi shi bayan an juya wa rana baya, kuma muddin ba ta faɗi ba, ba a barin na'ura ba mai tsaro, ko da murfinta a rufe.

A bar na'urar a waje minti 30 zuwa 45 madubin ya huce daga zafin mota, in ba haka ba hoton zai yi ta rawa. A watan Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida. Ku yi salla tare da jama'a, kada a ga masu na'ura a fili ana jam'i. Da an sallame sai a fara da wata, don shi ba ya jiran duhu. Dattawa da farko, sai ƙananan yara da za a kira gida da wuri, sai samari. Da an kira isha'i a rufe na'urori a bar mutum ɗaya yana gadi. Bayan isha'i sama ta yi duhu sosai, lokacin duniyoyi da taurari ke nan. Ƙarfe tara da rabi a tashi. In hanyar komawa ba ta da tabbas da daddare, a nemi masauki tun a zaman farko da dagaci.

A bakin na'ura

Kowace na'ura mutum biyu take so, mai saiti da mai layi. Mai layi yana shigo da mutum goma goma, sauran suna zaune a benci. Yankakken kwali mai lamba yana hana rigimar “ni na riga shi”.

Hannun mutum da kansa yake kai wa bututu, kuma taɓawa ɗaya ta kawar da wata. Maimakon a yi ta cewa kada a taɓa, a ba hannun abin riƙewa: “Baba, dafa kujerar nan da hannu biyu, sai ka kawo idonka nan a hankali.” Yaro kuma a ce ya sa hannu a baya. Mai saiti ya tsaya gefe yana kallon fuskar mai leƙe. In wata ya shiga daidai, za ka ga ɗigon farin haske ya sauka a kan ƙwayar idonsa. In ɗigon yana kan kunci ko gira, bai ga komai ba, ko da ya ce ya gani. Kuma zai ce ya gani, don kunya da ladabi. Saboda haka ba a tambayar “Ka gani?” Ana cewa “Me ka gani?” Wanda ya ce “haske” bai gani ba tukuna. Wanda ya ce “kamar an yi ruwa a kan yashi” ko “duk ramuka ne,” shi ya gani.

Idon tsofaffi ya bambanta da na mai saiti, sai a murɗa abin daidaita gani a hankali ana tambaya har ya ce ya fito. Kwalli yana shafar gilashi, a duba bayan kowane mutum goma. Robar bakin gilashin a goge ta da auduga mai sifirit a kai a kai, kuma in ana fama da ciwon ido na apolo a garin, a ɗage taron gaba ɗaya. Za a tambayi dalilin da ya sa wata ya juye, a ce aikin madubi ne, sama ba ta da bisa da ƙasa. Masu son ɗaukar hoto da waya a ce su dakata sai ƙarshe, domin mutum ɗaya mai neman saita kyamara yana cin lokacin mutum biyar.

Kowane abu a ba shi jimla ɗaya da za a tafi da ita gida. Wata yana da nisan kilomita kusan 384,000. Wajen 9 ko 10 ga wata ramin Kofanikus yana fitowa, faɗinsa kilomita 93, kusan nisan Kano zuwa Dutse in an miƙe. Mushtari ya ninka faɗin duniyarmu sau 11, kuma ɗigo huɗun da ke jere a gefensa watanninsa ne, waɗanda masanin falaki Galileo ya gani a 1610. Wani daren uku za a gani, ɗaya ya ɓuya. Zuhal da zobensa shi ne wanda ake zargin an liƙa hoto a cikin bututu, sai a bar mai shakka ya kai tafin hannu gaban bakin na'urar ya ga hoton ya dushe. Zara, matar wata, ita ce dai Gamzaki in ta fito da asuba, kuma a na'ura takan nuna rabi ko lauje kamar wata. Duniyar Mirrihu (Mars) kuwa yawanci ɗan jan ɗigo ne, ba ya biyan wahalar layi sai lokacin da ya matso, duk bayan wata 26.

Masu jira

Mutum ɗari da tamanin da ba sa leƙe a wannan minti, su ne taron. In aka bar su haka nan, yara za su fara kokawa su ture igiya. A sa mai baki guda a tsakiyarsu.

Ya fara da abin da garin ya riga ya sani. Kaza da 'ya'yanta tana fitowa gabas da farkon dare a Nuwamba, ido yana ƙirga shida ko bakwai, tabaro mai ido biyu yana nuna gommai. Ita ce Surayya ta masu lissafin taurarin noma, waɗanda suke ƙirga taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya kwana 14, shekara ta cika 365. Kusan kowane gari akwai dattijon da ya haddace su, Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, har ƙarshe, ya san wanda ake shuka a cikinsa, amma sau da yawa ba a taɓa nuna masa su a sama ba, domin a kwanakin da ake lissafa tauraro yana kusa da rana ne, ba ya ganuwa da farkon dare. A nemo wannan dattijo a zaunar da shi gaba. Shi ya jero sunayen, ku ku nuna: ga Surayya, ga jan Dabaran yana bin ta a baya, ma'anar sunansa ke nan. Wannan rabin awa ta fi kowace lacca, kuma ƙungiya ta riƙe littafi ta rubuta sunayen da mutanen wurin suke kiran taurari da su, don sukan bambanta daga gari zuwa gari.

A Janairu zuwa Maris akwai Shi'ira, mafi haske a taurarin dare, wadda aka ambata a Suratun Najmi; haskenta shekara 8 da rabi da ɗoriya yake tafe kafin ya iso. Can kudu ƙasa da ita ga Suhailu. Tauraron arewa a ƙasar Kano yana sama da doron ƙasa da digiri 12 kacal, wato dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari in an miƙe hannu, shi ya sa hazo yake yawan cinye shi. In an yi sa'a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa za ta ratsa, fari mai tafiya ba ƙyaftawa, kilomita kusan 400 a sama, tana zagaya duniya duk minti 90 da 'yan kai, da mutane a ciki. A duba lokacinta tun a gida a sanar minti biyu kafin ta ɓullo.

Ga yara, ƙwallo da lemo. In ƙwallon ƙafa ce duniya, lemo ne wata, a tsayar da yaro biyu mita 6 da rabi tsakaninsu. In kuma ƙwallon ce rana, duniya ƙwayar gero ce a mita 24, Mushtari ɗan kanya ne a mita 120 da ɗoriya, can bayan ajujuwa. Tauraro mafi kusa kuwa yana can a nisan da ya kusa ninka Kano zuwa Makka sau biyu. Lemon a tsire shi a tsinke, a haska shi da tocila daga gefe, yaro ya juya da shi a hankali ya ga jinjiri da rabi da cikakke a hannunsa.

Tambayoyin da ba sa fashi

Da gaske an je wata? An je, karo shida tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 suka taka shi, amma babu na'urar da ke doron ƙasa da za ta nuna tutar, don haka kada a yi alkawari. Tauraron da ya faɗo fa? Ba tauraro ba ne, ɗan tsakuwa ne, sau da yawa bai fi ƙwayar dawa ba, yana ƙonewa a iska kilomita 80 zuwa 100 a sama. Daren 13 da 14 ga Disamba sukan yi yawa. In aka kawo maganar jifan shaiɗanu, ku faɗi abin da aka auna ku tsaya nan, tafsiri na Malam ne, ga shi a zaune. Wanda ya ce a duba masa tauraronsa, a ba shi amsa cikin raha amma a fili, yadda na bayansa za su ji. Jerin fitilu masu tafiya a layi ɗaya da ake gani wani lokaci, har a tsorata, taurarin ɗan'adam ne na Starlink da aka harba ba da jimawa ba.

Husufi zai taso, musamman daga waɗanda suka tuna na 29 ga Maris 2006, da rana ta rufe ruf a wasu sassan arewa maso yamma. Na wata ana kallonsa da ido ba komai. Na rana kuwa gilashin da aka shafa wa baƙin hayaƙi, da fim ɗin hoton asibiti, da baƙin tabarau, da ruwa a kwano, duk ba sa kare ido. Sai tabaron husufi mai lambar ISO 12312-2, ko a huda kwali a kalli hoton rana a ƙasa, ko a duba inuwar dogonyaro, inda kowane ɗigon haske zai koma lauje. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a ga wani ɓangare na rana ya rufe daga arewacin Nijeriya, ya kamata a fara faɗar wannan gargaɗi tun yanzu.

Tattara kaya

Ba a karɓar kuɗi, ba a raba alewa, ba a rataya hoton ɗan siyasa ko da shi ya ba da mota. Hoton mata da yara sai da izini. Kafin a kunna farar fitila a sanar, sannan a ƙirga gilasan leƙe da tabarau a kan takardar da aka fito da su, tun mutane ba su watse ba. Ƙurar da ta sauka a kan madubi a hure ta da famfon roba kawai. Ƙurar hunturu tana da yashi a ciki, gefen riga ko hankici zai karce rufin madubin, kuma madubi mai 'yar ƙura yana aiki lafiya, mai karce kuwa ya tafi ke nan. In raɓa ta jiƙa gilashi, a bar shi a buɗe a ɗaki ya bushe kafin a rufe, don kada ya yi fumfuna. A mayar da benci aji, a tsince ledojin ruwa, a cire turaku.

Washegari da safe a koma zauren dagaci da ɗan goro a yi godiya, a biya ta wurin liman. A bar wa hedimasta takarda mai ɗauke da abin da za a iya gani da ido a watanni uku masu zuwa da sunan wanda zai nema a ƙungiya. A littafin ƙungiya a rubuta adadin waɗanda suka leƙa a kowace na'ura, da ƙarfe nawa layi ya fi tsawo, da tambayoyin da aka kasa amsawa, a raba su ga mambobi su nemo amsa kafin 7 ga watan gobe.